Fasfon Matusin Ya Cika

Matusin mutum ne mai gaskiya a ciniki. Ba ya tauye awo, ba ya cusa ruɓaɓɓen kifi a ƙasan kwando. Aibinsa guda ɗaya ne, amma babba: yana son a ce ya san duniya. Shekararsa hamsin da bakwai, bai taɓa taka wata ƙasa a wajen tsibirin Borneo ba, ko jirgin sama bai taɓa shiga ba. Duk da haka, in ya zauna a shagon shayi na ƙauyensu da ke bakin teku kusa da Lawas, sai ya zaro fasfo daga aljihun gaba ya ajiye kusa da kofi, inda kowa zai gani.

Yadda aka yanka ƙasar ne ya ba shi wannan dama. Lawas ta Malesiya ce, Limbang ma ta Malesiya ce, jiharsu ɗaya. Amma yankin Temburong na Brunei ya kwanta a tsakaninsu tun daga duwatsu har bakin teku, kuma hanyar mota ɗaya ce tak, ta cikinsa ta ratsa. Wanda zai kai bandar kifi kasuwar Limbang, kamar yadda Matusin yake yi duk Talata da Alhamis a tsohuwar motarsa, sai ya fita daga ƙasarsa, ya shiga ta wasu, ya fita, ya sake shiga tasa, duk kafin hantsi ya dubi ludayi. Mutanen Brunei su buga masa hatimi a shiga, su buga a fita, da yamma a maimaita. Haka shafukan suka cika maƙil, hatimi kan hatimi, shi kuwa yana jin kansa kamar jakada.

Wanda ya fi shan bakinsa shi ne Jumat, ƙanin matarsa, masunci, wanda bai taɓa yin fasfo ba.

"Kai Jumat," in ji shi a gaban jama'a, "da kai da turken nan da ke riƙe da shagon duk ɗaya kuke. Ko iyaka ba ka taɓa gani ba. Ni jiya kaɗai sau biyu na shiga ƙasar waje."

Jumat ya kurɓi shayi ya ce, "Sannu da dawowa, Yaya. Me ka kawo mana tsaraba?"

"Ilimi."

"To a zuba mana a leda."

Aka yi dariya, amma Matusin bai ji kunya ba. Irin wannan mutumin dariyar jama'a ma yabo yake ɗaukar ta.

Wata biyu matarsa Rapiah tana yi masa maganar ya je ya sabunta littafin. Ya ƙi. Ba rowa ba ce. Sabon fasfo fari fes yake zuwa kamar na wanda bai taɓa zuwa ko'ina ba, tsohon kuma a datse masa kusurwa da almakashi. Wannan ne bai iya jurewa ba. Sai ya ƙware wajen nemo gurbi: ya buɗe wa jami'i shafi, ya ɗora yatsa a wani ɗan fili kamar ƙwayar gyaɗa, ya ce a buga a nan. Suna yi masa saboda furfurarsa. Wauta ce tsagwaronta, babu wani sunan da za a ba ta.

Ranar Asabar ɗin da abin ya faru, ranar ɗaurin auren Salbiah ce, 'yar ƙaninsa Damit, wanda ya rasu shekara huɗu da suka wuce. A wani ƙauye za a ɗaura, kusa da inda kogin Limbang yake shiga teku, da ƙarfe biyu na rana. Matusin ne waliyyi, babu wani namiji a dangin uban sai shi. Kuma a gadon asibiti Damit ya riƙe hannunsa ya ce, "Yaya, da wannan hannun za ka ba da ita, kada ka aika kowa." Angon, Sabli, a jirgin ruwan dakon kaya yake aiki, ranar Litinin zai koma teku wata uku. Rapiah ta riga ta tafi tun Laraba don taya girki.

Matusin ya tashi da sassafe ya sa kayan da aka ɗinka domin ranar: riga da wando ruwan ƙwai, zane mai zaren zinare ɗaure a ƙugu, baƙar hula sabuwa. Ya fesa turare har motar ta daina warin kifi. Ya wuce shingen ƙasarsa lafiya, aka ɗaga masa hannu. A shingen Brunei ya miƙa littafin ta taga yana murmushi.

Wata matashiyar jami'a ce a wurin. Ta buɗe shafin farko, ta buɗe na biyu, ta yi ta buɗewa har bango. Ta dawo farko ta sake.

"Baba, a ina zan buga?"

"Kawo in nuna miki, 'yata. Sabuwa ce ke." Ya karɓa ya lasa yatsa ya fara bincike. "Ga shi nan. Tsakanin wannan da wannan."

"Baba, nan ko ƙuda ba zai sauka ba."

"To karkata hatimin."

"Ko na karkata, wanda zai fitar da kai a ɗaya shingen fa? A goshi zai buga maka?"

Wani babban jami'i da ya san shi shekara da shekaru ya leƙo. Ya gaishe shi da ladabi, ya yaba kayan, sannan ya ce, "Baba Matusin, ranar Alhamis da hannuna na buga maka, na kuma ce wannan ne na ƙarshe. Ka ce ka ji."

"Na ji mana. Amma yau ba kasuwa za ni ba, aure zan ɗaura. Kuma ni ba ƙasarku na zo ba. Daga ƙasata na fito, ƙasata za ni. Wucewa kawai zan yi, ko ruwanku ba zan sha ba."

"Haka ne, Baba. Sai dai hanyar ta tsakar gidanmu ta bi."

Motocin baya suka fara oda. Wani direban babbar mota ya leƙo ya ce, "Ango, a matsa mana!" Matusin ya roƙa, ya ambaci maraici, ya ambaci mamaci. Jami'in ya saurare shi har ƙarshe da fuskar tausayi, bai kuma canza magana ba. Gaskiyarsa ce. Doka ba ta zama zalunci don ta faɗo a kan mai furfura.

Ya juya motar ya koma ta shingen da ya fito. A bakin hanya ya tsaya ya kira Rapiah. Ta waya yana jin ƙarar tukwane da hayaniyar mata.

"Ka iso ina, Maigida?"

Ya yi gyaran murya ya faɗa mata.

"Wata biyu," in ji ta. "Wata biyu ina faɗa."

"Ba lokacin wannan ba ne, Rapiah."

"Yaushe ne lokacinsa? An yanka sa, an dafa shinkafa tukunya tara, dangin ango sun sauko tun daga saman kogi, wasu ma daga Brunei ɗin da ta koro ka. Ofishin fasfo a rufe yake yau da gobe. Jirgin ruwan fasinja ya tashi tun bakwai. Liman yana nan, in ce masa ka wakilta shi ta waya?"

Kafin ya amsa ya ji an karɓi wayar.

"Baffa?"

"Na'am, Salbiah."

"Baffa, in ba zai yiwu ba, ka ba Liman ɗin. Ba zan ji haushi ba." Ta ɗan tsaya. "Na dai so a ce kai ne. Baba ya ce kai ne."

Da ta yi kuka ko ta yi faɗa, da abin ya zo masa da sauƙi. Ya dubi hannunsa na dama a kan sitiyari.

"Ki ce kada kowa ya taɓa komai. Ƙarfe biyu ina wurin."

Rapiah ta dawo kan layi. "Ta ina? Fiffike ka yi?"

"Ban sani ba tukuna."

"Ni na sani. Je ka wurin turken shagon shayi."

Ya tarar da Jumat zaune a kan dandamalin gidansa, wanda yake bisa turaku a kan ruwa kamar sauran gidajen ƙauyen, yana ɗinkin taru. Jumat ya ɗaga kai ya ga kayan ruwan ƙwai da zaren zinare, ya ajiye allura.

"A'a! Har an ɗaura an dawo? Lallai masu ƙasar waje ba sa wasa."

"Jumat, ƙanina."

"Yau ni ne ƙaninka? Me ya faru, motar ta mutu?"

"Littafin ne ya cika."

"Wane littafi?"

"Ka san wanda nake nufi."

"Wallahi ban sani ba, Yaya. Ni jahili ne, ban taɓa ganin iyaka ba. Yi mini bayani dalla-dalla."

Matusin ya yi bayanin, tun daga jami'ar har direban babbar mota. Jumat ya yi dariya har ya kwanta a kan tarun. Maƙwabciya ta leƙo ta taga, ya maimaita mata. Amma yana dariyar yana kallon ruwan da ke ƙarƙashin gidan, inda alamar jiƙa ta fara bayyana a jikin turaku. Shi ma ɗin an gayyace shi bikin, ya ce ba shi da hanya, kuma bai ga abin da zai kai kwalekwalensa har Limbang don farantin shinkafa ba. Nan take ya miƙe.

"Ruwan teku ya fara janyewa yadda ya saba kullum. In muka ƙara rabin awa a nan, sai gobe. Ɗauko jarkar man can. Takalmin nan cire shi. Kuma ga gwangwani, aikinka ke nan, kwalekwalen yana ɗan yoyo."

"Da waɗannan kayan zan kwashi ruwa?"

"Ko ka kwashe shi, ko ya kwashe ka."

Suka fita ta tsakanin gidaje, injin yana tari, suka shiga faɗin ruwa. Gaɓar teku a nan lanƙwashe take kamar ƙwarya, Lawas a wannan baki, kogin Limbang can ciki, gaɓar Temburong a tsakiya. Matusin ya shekara talatin yana bin hanyar mota, bai taɓa ganin wurin daga ruwa ba. Ya ga duwatsu shuɗaye jere a can nesa, gajimare zaune a kansu, daji ya gangaro daga gare su kore shar har cikin teku, babu inda ya yanke.

"Ina Brunei ta fara?" ya tambaya.

Jumat ya nuna da haɓa. "Ka ga bakin rafin can inda farin tsuntsu ya tashi? Daga nan ne. Shi ya sa nake buɗewa waje, ina bin hanyar jirgin fasinja. In ka matsa kusa da gaɓarsu da taru, za su zo su gaishe ka."

"To ai babu komai a wurin. Itatuwa ne irin namu."

"Me ka zaci za ka gani, Yaya? An ja layi da jan fenti?"

"Duwatsun can fa?"

"Bayan su Indonesiya ce. Ruwan da ya sauka ta wannan gefen namu ne, wanda ya gangara ta can nasu ne. Kakanmu yana zuwa can da ƙafa sayen gishirin dutse, kwana goma sha biyu, babu wanda ya tambaye shi takarda. Kwashi ruwa, ya kai idon sawu."

Matusin ya kwasa. Da suka kai tsakiya iska ta taso, kwalekwalen ya fara hawa yana faɗuwa. Mutumin da ya shiga ƙasar waje sau dubu ya riƙe gefen katako da hannu biyu, fuskarsa ta koma kalar rigarsa. Can ya sunkuya ya mayar wa teku da shayin safe.

"Wannan a ruwan wa na zuba?" ya tambaya da ƙyar.

"Na Brunei ne. Ka ga ka shigar musu da kaya ba izini."

Ko Matusin sai da ya yi dariya, yana share baki. Daga nan ya koma kallon ƙanin matarsa. Jumat ba ya duba komai sai launin ruwa. Inda ya yi duhu ya bi, inda ya yi fari-fari ya kauce, ya ce yashi ne a ƙasa. Ya san sunan kowane ɗan tsibiri da kowane rafi, ya san wanda kada yake kwana a bakinsa. Matusin ya so ya yaba masa, girman kai ya hana shi, ya ci gaba da kwasar ruwa.

Ƙarfe ɗaya da rabi suka shiga bakin kogin Limbang, ruwan ya koma ja kamar kunun kanwa. Suka karkata cikin wani rafi da ke zuwa ƙauyen. Birai masu dogon hanci suna zaune a kan rassa suna kallon su. Daga nesa aka fara jin ganguna, ga rumfar biki can da tutoci, ga gadar katako da ake ɗaure jirage cike da mutane. Sai kwalekwalen ya yi wata ƙara a ƙasa ya tsaya cik.

Jumat ya kashe inji. "Iyakarmu ke nan. Ruwa ya tafi."

Tsakaninsu da matakalar gadar akwai taku kamar ɗari biyu, kuma babu komai a wurin sai laka baƙa mai sheƙi, ƙananan ƙaguwa suna yawo a kanta.

"Yaushe zai dawo?"

"Bayan la'asar."

Matusin ya duba agogo. Ya cire hula, ya kwance zanen zinare, ya tuɓe riga da wando, ya rage daga shi sai gajeren wando da singileti. Ya naɗe kayan ya ɗora a ka, ya ɗaure da igiyar taru a ƙarƙashin haɓa.

"Yaya, mata ne fal a gadar can."

"Na gan su."

"Kada ka tsaya wuri ɗaya, nutsewa za ka yi. Ja ƙafa, kada ka ɗaga. Bi bayana."

Taku na farko laka ta kai masa gwiwa, na goma ta kai cinya. Wari ya taso kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. A gada aka fara nuna su, sannan wata mata ta gane shi ta ƙwala ihu, "Waliyyi ne! Ga waliyyi nan a cikin laka!" Masu ganga suka bar rumfa suka dawo bakin gada suna kaɗa masa, kowane taku da bugu ɗaya. A tsakiyar hanya ƙafarsa ta maƙale, ya tafi gaba gaba ɗaya, ya faɗi rub da ciki. Hannuwansa biyu suna sama riƙe da ƙullin kaya, don haka fuska ce ta sauka. Jumat ya kamo shi ta singileti ya ɗago. Ido biyu kawai ake gani a fuskar.

"Kayan fa?" in ji Matusin yana tofar da laka.

"Ko ɗigo bai taɓa su ba."

"To mu je."

Rapiah ce ta tare shi a saman matakala da bokiti biyu. Ba ta ce masa sannu ba, ta sheƙa masa na farko a ka. Ta sheƙa na biyu. Mata suka yi layi suna miƙo mata wasu, suna dariya har da riƙe ciki.

"Sunkuya, akwai saura a kunne," in ji ta. Da ta zo goge masa wuya da tawul ta rage murya. "Ka kyauta, Maigida."

"Ki zuba wa Jumat ma."

"Shi ya saba."

Ƙarfe biyu da minti goma ya zauna a kan tabarma a tsakiyar ɗaki, cikin kayansa ruwan ƙwai, ba takalmi, gashinsa yana ɗiga a ƙarƙashin hula. Liman yana gefe, shaidu biyu suna gefe. Sabli ya durƙusa a gabansa yana gumi. Al'adar wurin ita ce waliyyi ya riƙe hannun ango ya faɗi kalmomin bayarwa, da ya girgiza hannun sai ango ya amsa da numfashi ɗaya, ba tsayawa, ba inda-inda. In ya yi tuntuɓe, a sake.

Matusin ya miƙa hannun dama. Duk wankan da aka yi masa, laka tana nan baƙa a ƙarƙashin faratansa. Ya riƙe hannun yaron da ƙarfi, ya ambaci sunansa, ya ambaci Salbiah 'yar Damit. A kan sunan ƙaninsa muryarsa ta karye, ya tsaya, ya sake ɗauka, ya ƙarasa, ya girgiza hannun.

Sabli ya buɗe baki ya fara, ya kai rabi, sai warin lakar ya shige masa hanci, ya yi atishawa.

Ɗakin ya fashe da dariya, har Liman ya rufe baki da littafinsa. "A sake," in ji shi.

"Ja numfashinka ta can gefen, ɗana, sannan ka juyo," in ji Matusin.

A karo na biyu yaron ya zubo kalmomin tas. Liman ya dubi shaidu, suka ce ya ɗauru. Aka ɗaga hannu aka yi addu'a, ganguna suka ɓarke a waje.

Aka fito da Salbiah daga ɗakin ciki cikin fararen kaya. Ta gaida mijinta yadda aka saba, sannan ta zo ta durƙusa gaban baffanta, ta kama hannunsa da hannu biyu ta ɗora goshinta a kai. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Ya ji ɗumin hawayenta a bayan hannunsa.

"Baffa," in ji ta a hankali, "wallahi kana wari."

"Na sani, 'yata. Tashi ki je wurin mijinki, kada ya shafe ki."

Ba ta saki hannun ba sai da Rapiah ta zo ta ɗaga ta.